Mai Ɗinka wa Amare Kuka

Rigimar da aka fara sanin Nakula Lenka da ita a ƙauyen Tentulipada, da tsohuwa ya yi ta, kuma shi ya sha ƙasa.

Ranar kai 'yar Bhima maginin tukwane ɗakin miji ce. Masu ɗaukar palki, akwatin da ake saɓa amarya a kafaɗa, suna bakin ƙofa suna taunar pan, ganyen da ya zame musu goro, mata sun cika tsakar gida, amarya ta rungume wuyan uwarta tana kandana, kukan nan mai waƙa da kowace 'ya take bin danginta da shi ɗaya bayan ɗaya kafin ta fita. Kuma yarinyar ta iya. Ta tuna wa uwar yadda take ɓoye mata ƙanzon shinkafa kada yayyenta su gani. Ta tuna wa uban 'yar tukunyar da ya gina mata tana ƙarama, mai karkataccen baki. Bhima, ƙaton da ko ranar ƙona gawar ubansa ba a ga hawayensa ba, sai ga shi ya juya wa mutane baya yana fyace majina a tawul.

Amarya ta sauke murya, ta saki ƙafar uban. Mata suka ja numfashi za su rangaɗa guɗa. Sai daga cikin maza wani ya ce:

"Saura baiti ɗaya!"

Gidan ya yi tsit kamar an kifa wa kaji kwando. Padi Mausi, wato Inna Padi, kakar amarya, ta taso. Haƙora biyu suka rage mata a baki, dukansu kuma na cizo ne.

"Wane ne wancan? Ɗan Lenka? Matso, ɗana. Me ya yi saura?"

"Mausi, baitin ƙarshe. Ta tsallake shi."

"Au! Mu muna kuka, kai kana ƙirga mana?"

"Ba haka ba ne. Kowane kabi yana sa sunansa a baitin ƙarshe, haka magabata suka yi..."

"Wane kabi?" Ta waiwayi mata. "Ku kun ga wani mawaƙi ya shigo gidan nan?"

Matan, waɗanda rabinsu sun san bakin da waƙar ta fito, suka ce su kam ba su gani ba.

"To ka ji. Ni jikata na gani tana yi wa uwarta kuka. Sunanka kake so ta kira? Ango na zaune a waje da hularsa, ko sunansa shi ba za ta taɓa furtawa ba har ta mutu, sai ta wage baki ta kira na wani ƙato tana hawaye? In aka dawo mana da ita gobe, kai za ka aura?"

"Mausi, ai ƙa'idar waƙa..."

"Ƙa'idar gidanku! In uwarka ta yi hawaye a madafi, tsayawa take ta kira sunan albasar?"

Aka tuntsire da dariya. Ita kanta amaryar kafaɗunta suka shiga rawa a ƙarƙashin lulluɓi, sai da gwaggonta ta mintsine ta kafin ta koma kukanta. Nakula ya sulale ta ƙofar shanu, kunnuwansa kamar garwashi.

Abin da ya nema ke nan ran nan, kuma shi ya nema har gashinsa ya yi fari fat: a kira sunansa sau ɗaya a ƙarshen waƙarsa, a gaban mutane. Maza da yawa sun fi shi kwaɗayi, an kuma ba su.

Ubansa manomin pan ne, shi ma a rumfar pan ya girma, cikin inuwar nan mai laima inda ganye ke bin sanda yana hawa, mai shi kuma na durƙushe yana ɗaure masa ƙafa kamar bara. Ya yi makaranta har aji bakwai, benci ɗaya da Sarbeswar Rath, ɗan mai hidimar haikali. Nakula ya fi shi haddar baitoci nesa ba kusa ba. Amma tari ya kama tsohon Lenka, ganye kuwa ba ya jiran mai jinya. Sarbeswar ya wuce Kendrapara, daga can Cuttack. Nakula ya koma rumfa.

Yayarsa Kuni ce ta jefa shi a sana'ar da bai nema ba. Uwarsu ta rasu suna ƙanana, ba wadda ta zaunar da Kuni ta koya mata kandana kamar sauran 'yan mata. Wata gwaggo ta gwada, amma kan Kuni ba ya riƙe waƙa. Sai ta ɗauko baitin kawu ta ɗora wa uba, ta yi wa matar yaya kukan da ake yi wa saniya. Aure ya matso, hankalin gida ya tashi, domin amaryar da ta fita da kuka marar gishiri, gori ne har jikoki. A ce ga gidan da 'yarsu ta fita kamar an sallami baƙo.

Nakula yana da shekara goma sha shida. Ya ce mata, da sunan da suke kiran babbar yaya, "Nani, tsofaffin ba za su zauna miki ba, domin ba naki ba ne. Bari in yi miki wanda kin riga kin sani." Ya tsara mata shi a cikin rumfa, yana yi tana maimaitawa. Ranar fita, Kuni ta wuce dangi duka, ta je ta dafa ƙofar ɗakin da uwarsu ta mutu a ciki, ta kira ta Bou, yadda suke kiran uwa:

"Bou, kin shuka kabewa kin tafi,
ta yi yaɗo, ba ki ga furenta ba.
Yau ta haura katangar wasu,
wa zan tambaya ko ta yi zaƙi?"

An ce har masu busa na gidan ango sun ajiye kayan busarsu. Daga ran nan Kuni ta zama abin misali a ƙauyuka uku: marainiyar da zuciyarta ta yi magana.

Mata dai ba a yi musu wannan wayon. Kafin damina ta zagayo, sun gano. Sai aka fara ganin iyayen amare suna bin hanyar tafki, su ɓulla ta bayan rumfar Lenka wai sun zo sayen ganye, da kwakwa biyu ko mudun shinkafa a ɗaure a gefen sari. Nakula ya zaunar da mace, ya auna 'yarta kamar tela. Yayye nawa gare ta? Wanne ne yake dukanta, wanne yake goya ta? Wace bishiya ce a bayan gida? Uban ya taɓa yi mata abin da bai yi wa sauran ba? Muryarta doguwa ce ko gajera? In yarinya mai gajeren numfashi ce, ya yanka baitin daidai ita. Ya faɗa wa uwar da baki, uwar ta kai gida a ka, ta zuba wa 'yar a bakin murhu. Bai taɓa ɓata takarda a kansu ba. Takarda ta manyan waƙoƙi ce.

Sharaɗin kuwa ba wanda ya taɓa furta shi, sai Padi Mausi da ta furta masa a bainar jama'a. Kukan amarya daga cikinta yake fitowa. Haka ubanta ya sani, haka surukai suka sani, haka ita ma za ta sani bayan shekara biyu. Tun daga ranar albasa ya daina liƙa baitin sunansa, ya ci gaba da ɗinkin.

Ko matarsa da kukan da ya ɗinka ya auro ta. Sebati 'yar ƙetaren kogin Luna ce. Yana zaune a waje da hular angonci, gumi na bin bayansa, sai ya jiyo amaryarsa tana rera wanda ya yi wa 'yar Dhani mai gishiri, an dai sauya mangwaro ya koma tsamiya. Ya haƙura har suka saba, sannan wata rana tana zuba masa pakhala, shinkafar da ta kwana a ruwa, ya tambaya.

"Kukan nan naki, wa ya koya miki?"

"Kakata. Ita ma wurin kakarta ta ji."

"Ni na yi shi."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tura masa gishiri da barkono. "Ji mutum! Ba a ba ka keke ba a kayan aure, shi ne za ka ci gādon kukan kakata? Sha, kafin ƙuda ya riga ka."

Ba ta taɓa sauka daga wannan magana ba.

Manyan waƙoƙin nasa fa? Ya yi wa tekun Puri, wanda ya gani sau ɗaya yana amai a motar haya. Ya yi wa ƙasa, ya yi wa farin wata, ya yi wa jiragen ruwan fatake na dā. Kowace da kalmomi masu nauyi kamar turmi, kowace ta ƙare da "in ji Nakula mai ƙasƙantar da kai". Gaskiya ɗaya ce: in ka karanta wa saniya ɗaya daga cikinsu, ranar ba za ta ba da nono ba. Mutumin da ya san yadda uwa ke ɓoye ƙanzo, da ya ɗauki alƙalami sai ya manta yana da ido. Ya aika wa mujallun Cuttack, shiru. Ya sake aikawa, shiru.

Lokacin Sarbeswar ya zama malamin kwaleji, ya fitar da littattafai, yana cikin masu tace waƙoƙi a wata mujalla. Waƙoƙinsa irin na zamani ne, ba amsa-amo, ba kari, layi ɗaya kalma uku, na biye kalma ɗaya, sauran takardar fili kamar gonar da ambaliya ta share. Nakula ya zaɓi ganyen da ya fi kyau a rumfarsa, ya naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, ya hau mota.

"Naku! Kai ne? Shigo, shigo. Har yanzu kana nan da wannan lema?"

Ya karɓi ganyen da hannu biyu, ya karɓi waƙoƙin da yatsu biyu. Ya duba ta teku, ya duba ta wata.

"Naku, wannan salon ya mutu tun kafin a haife mu. Kai kaɗai ba a gaya wa ba."

Nakula ya tattara takardunsa. Sai, don kada ya koma hannu wofi, ya yi abin da bai taɓa yi a gaban namiji ba: ya sunkuyar da kai ya rera masa baitin kabewa.

Sarbeswar ya yi dariya har pan ya sarƙe shi. "Kabin kuka! Wannan ai surutun mata ne a bakin tafki. Don girman ubangijinmu Jagannath kada ka bari a ji ka a garin nan. Amma ganyen nan, ɗan'uwa, babu irinsa duk Cuttack. Kai dai ka iya pan."

Da wani ne, da ya daddara. Shi kuwa duk shekara sai ya wanke farar rigarsa ya tafi taron mawaƙa na Kendrapara. A fara da manyan baƙi, a yafa musu mayafin girmamawa, a rataya musu furanni. A bi da malaman kwaleji, a bi da ɗalibansu, a bi da ƙanen shugaban taro. In aka zo kan Nakula, rana ta yi gora, masu hayar kujeru sun fara naɗe kayansu, mai lasifika yana kwance waya. Ya karanta wa kujeru ta teku. Ya dawo, Sebati ta ce, "Baban Jhunu, yau ma kujerun sun tafa?"

Jhunu ita kaɗai ce ta rayu a cikin 'ya'yansu uku. Tun tana rarrafe uban yake auna ta. Ba ya buƙatar tambayar kowa wace bishiya ce a bayan gida. Ya san ranar da ta faɗa tafki ya tsamo ta da gashi, ya san tana tsoron agwagwa, ya san yadda take satar lemun tsami a rumfa tana tsammanin bai gani ba. Shekara da shekaru yana tara mata kandana a ka, yana gogewa, yana ragewa, har ya zama ba kalmar da za a cire. Kuma a nan ya ga ƙofarsa. 'Ya ba ta kiran sunan baƙon namiji, amma wa zai hana ta ce, a can ƙarshe, ita 'yar gidan Nakula Lenka ce? Ko Padi Mausi da tana da rai, da ba ta sami abin cizo ba.

Sai dai yana cikin rumfa duniya ta wuce ta waje. Palki ya zama mota. Masu busa suka zama lasifika mai waƙoƙin fim. Jhunu ta yi karatun jinya a Cuttack, mijin da aka samo mata, wanda ita ma ta gani ta ce ya yi, ma'aikaci ne a tashar jiragen ruwa ta Paradip. Da ta dawo gida shirin biki, uban ya kira ta rumfa, ya zaunar da ita a kan kwando, ya rera mata daga farko har ƙarshe.

Ta saurara, idonta ya cika. Sannan ta ce, "Bapa, ba zan iya ba."

"Zan koya miki a hankali. Gajeru na yi baitocin."

"Ba haddar ba ce. Ba a yi yanzu. Abokan aikinsa za su zo, da matansu. Ƙawayena za su zo. In na kama ƙafarka ina waƙa, har in tsufa da shi za a riƙa kirana a asibiti."

"Uwarki ta yi. Gwaggonki Kuni ta yi, har yau ana maganarsa."

"Su ba su da wata hanyar faɗa ne, Bapa. Ni zan riƙa zuwa. Mota ce, ba palki ba."

Ya kai ƙara wurin Sebati. Ta ce, "Ka bar yarinya ta yi aurenta. Kai ka haife ta ne ko lasifika ka saya?"

Ranar fita Jhunu ta yi kuka sosai, na gaske, cikin hankici, ba kalma ko ɗaya. Ta taɓa ƙafarsa, ta shiga mota, aka rufe ƙofa. Waƙar da ta fi duk waƙoƙinsa ta koma rumfa tare da shi. Mutum ɗaya ne ya taɓa jin ta.

Bayan nan iyayen amare suka daina bin hanyar tafki, ba don gaba ba, kayan ne ba mai sawa. Nakula ya tsufa. Gwiwoyi suka ƙi durƙuso, ya ba ɗan ƙanensa rumfa, ya daina zuwa Kendrapara. Mun ɗauka wutar ta mutu.

Sai ga Sarbeswar Rath ya yi ritaya, ya tuna yana da ƙauye. Ya zo da mota da rikoda da 'yan mata biyu masu rubutu, wai yana tattara kukan amare kafin ya ɓace. Ya bi gida gida yana zaunar da tsofaffi. Matan da ba wanda ya tambaye su komai tun ranar aurensu sai "ina abinci", yau ga babban malami yana ce musu Mausi, yana roƙon su buɗe baki. Suka buɗe. Kowace ta rera nata, kowace ta ce daga cikinta ya fito, ko daga kakarta.

Littafin ya fito da bango mai kauri. A gabatarwa Sarbeswar ya rubuta cewa waɗannan waƙoƙi ba su da mawallafi, muryar matan karkara ce da ta gangaro ɗaruruwan shekaru daga baki zuwa baki, kuma babu mawaƙin zamani da ya kai ƙurarsu. Baitin kabewa ne a shafin farko. Na rantse bai tuna ya taɓa jin sa ba. Irinsu ba sa tuna abin da suka yi wa dariya.

Nakula ya ari littafin wurin shugaban makaranta, ya karanta a zaure da gilashinsa mai ɗaurin zare. Ya ga ta 'yar Bhima, ya ga ta 'yar mai gishiri, ya ga fiye da rabin littafin nasa ne. Aka ce kuma za a yi bikin ƙaddamarwa a filin makarantar Tentulipada, da 'yan jarida daga Cuttack. Ya rufe littafin. Ba shi da takarda ko ɗaya. Shaida yake buƙata, mace ɗaya tak da za ta ce eh, shi ne.

Ya ɗauki lema ya fara bin gidaje, wannan karon ta ƙofar gaba.

'Yar Bhima, wadda ta dawo ƙauye da takaba, yanzu kaka ce mai surukai uku. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo shayi, ta kori surukan zuwa madafi.

"Nakula bhai, ɗan'uwana, me kake so in ce? In tashi gaban matan 'ya'yana in ce hawayen da na zubar a ƙafar ubana na aro ne? Ni da nake musu gori kullum cewa sun fita gidajensu kamar akuyoyi?"

"Hawayen naki ne. Kalmomin kawai..."

"Ubana ya mutu yana faɗin tukunyar nan. Ka bar shi ya kwanta."

Wata ta ce ta manta. Wata ta ce uwarta ce ta koya mata, uwar kuma ta mutu, je ka tambaye ta. Wata ta leƙo ta taga ta ce ba ta nan. Ya tafi ƙauyen Kuni da ƙafa, yana hutawa a gindin kowace bishiya. Ya tarar da ita ido ya kusa tafiya, jikoki sun kewaye ta, an riga an gaya mata ita za a zaunar a kan dakali ranar biki.

"Nani, kin tuna rumfa? Ina faɗa kina maimaitawa?"

Ta laluba ta kama hannunsa.

"Naku, mijina ya doke ni shekara talatin. Uwarsa ta ƙirga mini loma. Abu ɗaya ne ba su taɓa iya ƙwace mini ba a gidan nan, in an ce Kuni sai a ce mai kukan nan. Kai namiji ne, ka yi wasu."

A gida ya zauna bai taɓa abinci ba. Sebati ta tsaya a kansa.

"Ni kam kada ka dube ni. Na kakata ne."

"Uwar Jhunu, shekara nawa muna tare? Sau ɗaya."

"In na ce naka ne, me ya rage nawa da na shigo da shi gidan nan? Tukwanen sun fashe, sarin ya yage." Ta juya baya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi. "Ci abincinka."

Ranar biki aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Tsofaffin mata suna gaba a kan tabarmi cikin sarin da suka fi so, 'ya'ya da jikoki a baya suna nuna su da yatsa. Kuni tana kan dakali, a kujera mai hannu, karon farko a rayuwarta, furanni sun rufe ta har haɓa. Sarbeswar ya yi jawabi mai tsawo, har ya share ido a wuri biyu. Da ya ce ko akwai mai tambaya, Nakula ya dafa lema ya miƙe.

"Malam Sarbeswar, waƙoƙin nan suna da mai su. Ni na yi su."

Aka yi 'yar dariya a baya. Wani matashi ya ce, "Baba, zauna, rana ce ta buge ka." 'Yan jarida suka ɗago kai, su da tun safe suke hamma.

Sarbeswar ya yi murmushin haƙuri. "Jama'a, wannan abokina ne tun muna benci ɗaya, Nakula Lenka. Yana taɓa waƙa. Naku, na san waƙoƙinka, na karanta ta teku. Hannun da ya rubuta waccan ba zai iya wannan ba."

"Da baki na yi su."

"Namiji ba ya yin wannan. Wannan sai wadda aka ciro daga gidan uwarta. Kana da rubutu? Kana da ko guntun takarda?"

"Ba ni da shi."

"To shaida fa? Ga su nan duka a gabanka. Nuna mini ɗaya. Ka ce wance, ni na yi miki naki, mu ji ta bakinta."

Nakula ya ɗaga hannu. Ya san kowace. Ya san wadda aka gajarta wa baiti don numfashinta, ya san wadda uwarta ta zo sau uku don ta kasa riƙewa. Yatsansa ya bi layin tabarmi, kuma duk inda ya nufa sai gefen sari ya sauko ya rufe fuska, ɗaya bayan ɗaya. Sebati ba ta rufe ba, ta dai kafa wa ƙasa ido. Yatsan ya hau dakali. Kuni ba ta ganin sa, amma ta ji shirun, ta san inda ya tsaya. Ta ƙanƙame hannun kujera, furannin wuyanta suna rawa, jikanta na ƙasa yana ɗaukar ta hoto.

Ya sauke hannun.

"Ka gani?" in ji Sarbeswar, da taushin murya, irin na wanda ya ci. "Ba laifi, Naku, kowa yana son a ce shi ne. Amma ko ma wa ya fara tsara baitin kabewar nan, babban mawaƙi ne, irin da ƙasar nan ba ta sake haifa ba, kuma ya mutu tun kakannin kakanninmu. Ko tokarsa ba a san kogin da ta bi ba."

Nakula ya gyara lemarsa a hammata.

"Haka ne, malam, ya mutu. Kuma ya yi dabara. Da yana da rai, ai da ba ka ce ya iya waƙa ba."